Malam Labbo da Fararen Zabin Inna

Malam Labbo ba ya sayar da abin da bai kwana a gidansa ba. Duk sabon kayan da ya shigo hannunsa, ko da abin yanke farce ne, sai ya jefa shi aljihu ya tafi da shi gida, ya zauna da shi tukuna. In mai saye ya matsa masa, sai ya ce, "Bari mu san juna da shi." Wani abin kwana biyu ya ishe su sanin juna, wani kuwa sai a ci kasuwa a sake ci ana jira.

Rumfarsa tana bakin kasuwar Ƙauran Namoda, ta gefen da masu keke napep ke tsayawa. Mahaifinsa ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa, zamanin da jirgi ke zuwa ya ɗauki gyaɗa da auduga ya sauke akwatuna. A nan Labbo ya tashi da son sanin abin da ke cikin akwati. Da tire ya fara, tocila da batir da ƙwan fitila, yana bin kasuwanni, Shinkafi ran Alhamis, Zurmi, har Gurbin Bore in ya ji sha'awa. Da ƙafa ta yi nauyi, hanyoyin kuma suka daina daɗin bi, sai ya zauna wuri ɗaya.

Zuwan wayar hannu ya ƙara masa aiki. Mutum zai ga wani abin mamaki a waya ko ya ji an ba da labarinsa a rediyo, ya taho ya ce, "Malam Labbo, akwai irin wanga?" Shi kuma ya aika wa wani abokin cinikinsa a Kano. Ta haka hula mai fanka ta shigo Ƙaura, da kofin da ke motsa shayi da kansa, da wani faifai mai wuta da ake kaɗawa a kashe sauro.

Wadda ta fi kowa sanin halin kayan nan ita ce matarsa Kulsumu, don a ɗakinta ake gwajin. Ita ta sha da agogo mai kiran salla, wanda aka saita da lokacin wata ƙasa, ya riƙa kiran la'asar tana tsakiyar tuƙa tuwon rana. Ita ta share albasa daga bango ranar da aka gwada injin yanka albasa. Hular nan mai fanka kuwa Labbo ya sa ta ya yi yini da ita a rumfa, fankar na hura masa goshi, yara suna bin sa da kallo, da yamma ya cire ya ce ba ta yi ba, iskar ba ta kai wuya. Bai sayar da ko ɗaya ba. Maƙwabtansa na kasuwa suna cewa da yana sayarwa kamar kowa da tuni ya sa wa gidansa bene.

A daminar da ta zama ta ƙarshe gare shi, wani akwatin roba fari ya iso rumfar, mai murfin gilashi, da farantin sola da batirinsa. Injin ƙyanƙyasar ƙwai ne. A makon ne kuma Muhtari, ƙanen Kulsumu, ya zo daga Shinkafi a kan babur, rungume da ƙwarya an lulluɓe ta da tsumma.

Su Kulsumu mutanen Galadi ne. Mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Inna, ta yi suna da wasu zabi farare tas, ba ɗigo ko ɗaya a jikinsu. Daga nesa ake zuwa kallonsu, kuma ba ta taɓa sayar da mace ba. Da ta rasu suka koma hannun Muhtari. Da zaman ƙauye ya gagara ya kwashe iyalinsa ya koma cikin Shinkafi, abin da ya iya fitowa da shi daga garken zabo ɗaya ne da zabuwa ɗaya. Zabon ya mutu farkon damina. Zabuwar ta ci gaba da saka ƙwai 'yan kwanaki, sannan muzuru ya yi mata ɓarna a bayan ɗaki. Abin da ke cikin ƙwaryar nan shi ne ya rage na zabin Inna a duniya.

Kowa ya san zabuwa ba uwa ba ce, kaza ake sa wa ƙwanta. Abin da ya kawo Muhtari ke nan, yayarsa ta sa wa kazarta. Aka yi rashin sa'a, kazar Kulsumu ba ta kwanci, aka tambaya maƙwabta ba a samu mai kwanci ba. Ƙwai kuwa ba ya jira.

Labbo yana zaune a kan tabarma yana jin su har suka gama. Sannan ya ce, "Akwai wani akwati."

Muhtari ya dube shi. Tsakaninsu akwai wasan miji da ƙanen mata. "Yaya, wanne daga ciki? Mai kiran salla ko mai yanka albasa?"

"Mai kwanci."

"Ka gwada shi?"

"Ban gwada ba."

"To da ƙwan Inna za ka koyi aski?"

Kulsumu ta ce, "Kai Muhtari, in kana da kaza cikin aljihu fiddo ta."

Labbo ya daɗe yana juya maganar. Duk gwaje-gwajensa, a kansa yake yi, in abu ya lalace nasa ne. Bai taɓa gwaji da kayan wani ba, balle kayan da ba a samun madadinsa. Amma ya ɗauki ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ya yi bismilla, ya jera su cikin akwatin, goma sha huɗu. Ya ɗora farantin sola a kan rufin kwano, ya ja waya ta taga.

Kusan wata guda gidan ya koma gidan mai jego. Akwatin yana juya ƙwan da kansa, yana ɗan ƙara in ya juya. In hadari ya rufe rana, Labbo ya cire batir ya kai wurin masu cajin waya, ya tsaya a kansu har ya cika. Kulsumu ta ce ko haihuwar 'yarsu Sa'ida bai yi wannan zirga-zirgar ba. Muhtari kuma kullum sai ya bugo waya. "Yaya, ya mai ciki?" Labbo ya ce, "Tana gaishe ka."

Wata safiya Kulsumu ta shiga ɗauko tsintsiya ta ji ƙaramin kuka. Kafin azahar goma sha ɗaya sun fito, farare kamar sabuwar auduga, da jajayen ƙafafu. Uku ba su fashe ba. Labari ya bazu, mata suka riƙa shigowa kallo, wani ɗalibin kwalejin fasaha ya ɗauki hotonsu a waya ya watsa. Har daga Zurmi wani ya aiko yana son a sayar masa da akwatin.

Kulsumu ta tsaya a kansu tana kallo, ta ce, "To Malam, akwati ya haihu. Wa zai yi goyo?"

Wannan ne abin da babu wanda ya tuna, har shi. Kaza in ta ƙyanƙyashe takan rufe 'ya'ya da fukafukanta, ta ja su ta nuna musu abinci, ta kore musu shaho. Akwati ya gama nasa aikin ya yi shiru. Ɗiyan zabi kuwa sanyin damina ne ajalinsu, raɓa kaɗai ta isa. Aka gwada tura su ƙarƙashin kazar gidan, ta kai wa ɗaya sara a ka, nan take ya mutu. Aka kifa musu kwando da kaskon garwashi a gefe, hayaƙi ya kashe biyu.

Muhtari ya bugo waya. Labbo ya gaya masa gaskiya, saura takwas.

Muhtari ya ce, "In taho in ɗauke su?"

"Ka kai su ina? Wurin muzurun da ya ci uwarsu? Bar su sai sun yi gashi. Ni zan kawo maka su da kaina."

Daga ranar Labbo ya zama kaza. Ya samo kwalabe yana cika su da ruwan ɗumi, ya naɗe da tsumma ya jera cikin kwando, in sun huce ya sake. In aka kwana ana ruwa gari ya waye da sanyi, sai ya zuba su cikin aljihun gaban rigarsa, ya zauna a zaure yana jan carbi, ƙirjinsa na motsi yana kuka ƙasa-ƙasa. Wanda ya shigo gaisuwa sai ya rasa inda zai sa idonsa. Abincinsu gara ne, don haka yana idar da sallar asuba sai ya ɗauki tsohon kwano ya nufi bayan gari inda ya kifa tukunyar tarkon gara da busasshen kashin shanu, ya dawo ƙafar wandonsa jiƙe da raɓa har gwiwa.

Rumfa ta koma buɗewa rabin yini, wata rana ma ba ta buɗuwa. Wani mai sayar da takalma da ke kusa da shi ya tare shi a hanya ya ce, "Malam Labbo, an ce an samu ƙaruwa. Yaushe suna?"

Ya ce, "Sai mun ga mai rai."

Cikin ɗiyan zabin, ɗaya ya faɗa cikin kwanon ruwa. Ɗaya ya wayi gari a sandare ba a san dalili ba. Wani kuma shaho ya sure shi a gaban idon Kulsumu tana shanya. Kowanne ya tafi, Labbo da kansa yake bugo wa Muhtari ya faɗa masa, ba ya bari sai an tambaye shi. Biyar ɗin da suka rage suka fara fiffike, suka san takun takalminsa. In ya tashi su bi shi ɗuu, in ya tsaya su tsaya. Sai da ya riƙa kifa musu kwando kafin ya fita masallaci, don wata rana sun raka shi har bakin ƙofa, liman yana ta da kabbara suna ta nasu a waje.

Tari ya kama shi a tsakiyar watan da ruwa ya fi yawa. Kulsumu ta ce ya bar mata zuwa ɗibar garar.

"Ke ba ki san inda na kifa tukunya ba."

"Sai ka gaya mini. Ba Makka ba ce."

"Gobe."

Goben ba ta zo ba, kullum shi ke fita. Ta dafa masa citta da kanumfari, ya sha ya ce ya ji sauƙi. Ita dai tana jin yadda numfashinsa ke fita, sai ta riƙa ajiye masa busasshen wando a bakin ƙofa.

A kwanakin nan ya fara haɗa keji. Ya ce ba zai kai su Shinkafi a kwando ba, don inda Muhtari ke haya ba shi da katanga, kuma muzurun yana nan. Ya sayo katako da ragar waya, ya auna faɗin bayan babur, ya yi shi yadda zai hau ya zauna daram. Ya yi masa ƙafafu don kada damshi ya taɓa su, ya ware wani lungu na kwalbar ruwan ɗumi. Yana aikin a zaure, ya buga ƙusa biyu ya huta, zabin suna tsattsagar garin katako a gindinsa. Gefe uku suka tashi, da rufi. Ya yanke katakon ƙofa ya jingine a bango, ya ce gobe zai sayo ƙarfen maƙalawa.

Washegari bai iya tashi ba. Aka sa shi a keke napep aka kai asibiti, suka ce sanyi ne ya shiga haƙarƙari, an kuma makara. A can ya tambayi Kulsumu ko an ba su gara. Ta ce an ba su. Tsakin gero ta ba su, don har yau ba ta san inda tukunyar take ba. Ya rasu ran Juma'a da hantsi, aka yi masa salla bayan an sauko daga masallaci. Allah ya jiƙansa.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, Muhtari ya shiga wurin yayarsa. Zabin biyar suna tsaye a bakin zaure, sun miƙa wuya suna kallon hanya. Sun kai girman tattabara. Ba a san mace ba a san namiji ba tukuna, don sai sun fara kuka ake ganewa.

Ya ce, "Yaya, ki riƙe su. Nan suka sani."

Ta ce, "Ba nan suka sani ba. Tun shekaranjiya suna wurin nan, duk wanda ya shigo sai sun duba ƙafarsa. Tafi da su. In Allah ya sa akwai mace, ka kawo mini ƙwai baɗi. Kazata za ta yi kwanci."

Ya kama su ɗaya bayan ɗaya ya sa a kejin. Ya ɗauki katakon ƙofar ya gwada a bakin, ya zauna daidai, sai dai ba abin da zai riƙe shi. Ya mayar da shi jikin bango inda ya same shi. Kulsumu ta kawo masa yankin buhu, ya rufe bakin kejin da shi, ya ɗaure da igiya, ya ɗora a bayan babur, ya kama hanyar Shinkafi tun rana ba ta yi sanyi ba.