Sabulun da ya kusa raba ni da tanda

Shekarun baya, ina sayar da waina a bakin ƙofar tashar jirgin ruwa ta Treichville, hannayena suka yi mini tawaye. Ƙaiƙayi ya fara, ƙuraje suka biyo baya, fatar ta dinga tsagewa tana ruwa. Mai abinci kuwa hannunta ake fara kallo. 'Yan dako da suka saba yi mini layi sai su gaishe ni daga nesa su wuce wurin mai burodi. Wani ya ce, "Madam, pardon, wannan abin ba ya kama mutum?" Na ji ciwon maganar, don da tandar nan nake ciyar da 'ya'yana.

Na ce ƙazanta ake zargina da ita, to za a gani. Na sayo kabakuru, sabulun sodar nan mai tauri kamar dutse, na shiga dirzar hannu safe da yamma. Ina dirza, abin yana ƙara ci, ni kuma ina ƙara dirza. Taurin kaina ba na yau ba ne.

Sai ƙanwata ta haihu a unguwar Adjamé, na je zaman jego. Surukarta ta ce, "Baƙuwa ba ta taɓa wanki a gidan nan, 'yata." Aka zaunar da ni, aikina riƙon jariri. Kafin suna hannu ya fara bushewa. Da na koma gida, unguwarmu ta Biafra, na kama wanke-wanke, ciwon ya dawo sabo.

Na kwashe labarin nan na kai wa wata nas a asibitin unguwa. Ta juya hannuna, ta ce, "Ba a ɗaukarsa, maman. Wani abu kike taɓawa. Ki riƙa barin abu ɗaya-ɗaya, ki ga wanda in kin bari kike samun sauƙi." Ta ba ni man shafawa.

Na bar lalle, babu canji. Na bar turare, haka. Da na bar kabakuru, ƙaiƙayin ya kwanta. Na samo safar hannu ta roba don wanki, matan tsakar gida suna tsokanata da "likita". Ban cire ba. Fata ta warke, layi ya dawo a hankali.

Na koyi cewa ƙoƙari ma sai an san inda za a sa shi. Har yau in na ga mace a kasuwa tana ɓoye hannu cikin mayafi, ba na ja da baya. Matsawa nake in tambaye ta da wane sabulu take wanki.