Tukunyar Mutanen Kurmi

Yawancin matan da na tarar a unguwar Misfala a Makka, ta Chadi suka biyo, labarinsu na hanya duk na rairayi ne da ƙishirwa. Mu ta kurmi muka ratso. Maigidana, wanda nake kira Malam, yana da wa a wani zangon Hausawa can kudancin Kamaru, mahaifiyarsu kuma, Inna, ta ce ba za ta tafi ɗakin Allah ba sai ta ga babban ɗanta sun yafi juna. Daga can muka hau motar wani ɗan goro da za ta birnin Bangi, mu uku, a tsakiyar damina.

Kwana huɗu da tashi muka tarar ruwa ya cinye kadarko. Direba ya ce sai rafin ya janye, ko kwana uku ko goma. Inna kuwa zazzaɓi ya riga ya kama ta, ga ruwan sama ba ya ɗaukewa, ga guzurinmu ya yi funfuna. Malam ya ga wata siririyar hanya ta shiga cikin itatuwa, da sawun mutane a kanta, ya goya Inna, ni na ɗauki ƙunshin kayanmu.

Ni 'yar ƙasar Katsina ce, inda mutum ke hango baƙonsa tun daga nesa. A nan ko sama ba a gani. Da hantsi ne amma kamar magariba, ganye na ɗigo a kanmu, wasu tsuntsaye na kuka kamar ana yanka yaro. Mun yi tafiya mai ɗan nisa sai muka ga an gitta igiya a hanya, an rataya mata ganyen tukurwa. Malam ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashi, na bi shi. Mun ɗauka iyakar gonar wani ce.

Ba mu yi taku hamsin ba maza suka fito, sun kai goma, da adduna da masu, fuskokinsu shafe da farar ƙasa. Ba wanda ya ɗaga murya, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro. Malam ya yi sallama, ya gwada Fulatanci, ya gwada ɗan Larabcinsa, ba wanda ya amsa. Suka sa mu a tsakiya har cikin ƙauye, suka nuna mana wani kututture a fili muka zauna. Mata sun tsaitsaya a ƙofar bukkoki, su ma da farar ƙasa a jiki. Wani saurayi ya tsaya a bayan Malam da adda a kafaɗa, ina jin numfashinsa.

Can aka kamo hannun wata tsohuwa aka kawo ta. Ta ƙare mana kallo, sannan ta ce, "Sannu." Na ji hawaye ya cika mini ido. Ashe da ƙuruciyarta ta yi zama da wani Bahaushe mai sayar da duwatsun wuya, ta riƙe 'yar Hausa kaɗan. Da ita da nunin hannu muka gane abin da muka yi. Babban mutumin ƙauyen ne ya mutu, an rufe hanya kwana bakwai. Wanda ya ƙetare ganyen nan, a wurinsu, ko dai ɗan gida ne da ya zo makoki, ko kuwa shi ne ya aiko da mutuwar ya zo ganin aikinsa.

"Ɗan gida ci," in ji ta, ta nuna baki. "Mugu ba ci."

Aka kawo tukunyar gidan mamacin aka dire a gabanmu. Miyar wani ganye ce da aka yanka siri-siri kamar zare, ta sha manja, ga ƙullin rogo da aka dafa cikin ganye, mai tsami, yana danƙo. A cikin miyar akwai tsutsotsi baƙaƙe masu kaurin ɗan yatsa. A gefe kuma ga wani nama da aka ƙyafe. Da na lura sai na ga hannu ne, da yatsu biyar a lanƙwashe. Na biri ne.

Malam ya ce a hankali, "Inna, ba zan ci mushe ba ina kan hanyar Makka."

"Kai, rufe mini baki," in ji Inna. Muryarta na rawa saboda zazzaɓi. "Ka dubi bayanka tukuna."

"Ko za su kashe ni."

"Su kashe ka, ni da 'yar mutane fa? Wa ka bar wa mu a dajin nan?"

Mutanen sun ga muna gardama. Saurayin nan ya sauke addar daga kafaɗarsa. Wani dattijo ya faɗi wata magana gajera.

Inna ta matso da tukunyar. Ta dubi tsohuwar, ta nuna hannun birin, ta nuna sama, ta girgiza kai. "Wannan, Ubangijinmu ya hana mu. Kamar yadda ku ma akwai abin da aka hana ku." Sannan ta yi bisimilla, ta gutsuri rogo, ta dangwalo miya da tsutsa biyu a kai, ta kai baki. Ina kallon maƙogwaronta har ta haɗiye. "Fara ma muna ci a gida," ta ce wa Malam ba tare da ta dube shi ba. "Wannan 'yar'uwarta ce da ba ta yi fiffike ba. 'Yar nan, sa hannu."

Na sa. Bayan tsutsar ya ɗan yi ƙaras a haƙori, cikinta kuma maiƙo ne, da ɗanɗano kamar na busasshen kifi da gyaɗa. Na haɗiye na riƙe numfashi, ina roƙon Allah kada in yi amai, don na san in ya dawo mun shiga uku.

Saura Malam. Tsohuwar ta juya ta yi wa dattawan dogon bayani, aka yi ta musu, har ɗaya ya buga sandarsa a ƙasa. Daga ƙarshe ita da kanta ta sa ganye ta ɗauke naman birin ta miƙa baya. Malam ya daɗe yana kallon tukunyar, leɓensa na motsi. Ya ci loma uku. A ta ukun ne wata mata ta fashe da kukan makoki, sauran suka kama, saurayin nan ya juya ya tafi abinsa.

Duk da haka ba a bar mu mun fita ba, sai ranar buɗe hanya. Kwana biyar muka yi a bukkar tsohuwar. Matan suka dafa sassaƙen wani itace mai ɗacin tsiya, suka lulluɓe Inna ta yi surace, suka ɗura mata sauran. A rana ta uku ta tashi zaune ta nemi abinci. Ni kuma na bi su cikin kurmi, na ga yadda suke tsince tsutsar a gindin manyan itatuwa, su babbake gashinta a garwashi kafin a dafa. An ba mu zuma baƙa a cikin ganye wadda ban sake shan irinta ba. Malam na salla a bayan bukka, yara na leƙensa, ba wanda ya hana.

Ranar ƙarshe, da rana tsaka, ganguna suka tashi. Tsohuwar ta fizgo ni ta danna kaina ƙasa. Dodonsu ne ya fito daga kurmi don ya raka mamacin, mace kuwa ba ta kallonsa. Ƙasa kawai nake gani, sai gefen rigarsa ta tukurwa da ya share ƙafata ya tsaya. Ban san tsawon tsayuwarsa a kaina ba, na dai karanta Ƙulhuwallahu ta fi sau goma kafin ya wuce. Da la'asar aka kwance igiyar, maza biyu suka ɗauki Inna a kan wani gado na sanda har bakin rafi. Motar na nan, ana shimfiɗa gumagumai a madadin kadarko.

Sai bayan shekara ɗaya da rabi muka ga Makka, ta Sudan, muka tsallako teku a jirgin ruwa. Muka samu ɗaki a Misfala wurin wata 'yar Sakkwato. Ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, Malam na ɗinki a bakin ƙofa, in an ce askarawa na zagaye ya naɗe kayansa ya shige. A nan ne loma ukun nan ta dawo masa. Ya rage cin abinci, ya rame, ya ce yaya zai tsaya a Arfa da naman da ya tsiro a jikinsa daga tukunyar makokin waɗanda ba sa salla. Inna ta yi faɗa har ta gaji.

Ana saura kwana tara Hajji ya je Harami, wurin wani malami ɗan ƙasarmu mai karantarwa bayan la'asar. Na jira shi a bakin hanya da gyaɗar da nake sayarwa, don ya ce in malamin ya ce da laifi, bana ba zai yi harama ba. Da ya fito na kasa karanta fuskarsa.

"Me ya ce?"

"Ya tambaye ni ko da rai aka jefa tsutsotsin nan a wuta. Na ce ke kika gani."

"Da ransu. Suna motsi."

"To ya ce in haka ne, a mazhabarmu hukuncinsu ɗaya da fara. Ya ce ko da ba haka ba ma, wanda adda ke bayansa ba a tambayarsa. Sai ya tambaye ni ko na gode wa mutanen da suka yi jinyar uwata."

"Ka ce me?"

"Na ce ban san kalmar a bakinsu ba."

Mu uku muka hau Arfa a shekarar. A Mina Malam ya goya Inna zuwa jifa, saboda cunkoso. Ta rayu shekara huɗu bayan nan a Misfala, a nan kuma aka yi mata sutura.