Sunana a Bakin Mama

Ranar Asabar ta biyu a watan Satumba, shekarar da na shiga aji shida, Baba ya sauke ni a ƙofar wani ƙaramin gida mai farin fenti a unguwar Glenwood, ya ce in shiga, shi ya makara wurin aiki. Malamar ajinmu ce ta kwatanta masa gidan, bayan ta gaji da yarinyar da ba ta buɗe baki a aji. Na tsaya a gindin matakala rungume da jakata, ina kallon takalmana. Wata doguwar tsohuwa baƙar fata, mai furfura da tabarau rataye a wuya, ta ɓullo daga bayan gida da kwandon kuɓewa a hannu. Abin da ya fara ba ni mamaki ke nan, don a tunanina kuɓewa tamu ce mu kaɗai. Ta ajiye kwandon ta tambaye ni sunana. Na ce Ramatu, amma ko ni ban ji abin da na faɗa ba. Ta kama kunnenta ta ce shi ma ya yi ritaya tare da ita, in ƙara. Na ƙara. Ta ce har yanzu tsuntsayen unguwar sun fi ni murya. Sai da na ɗaga murya har wani ɗalibi mai wucewa a kan keke ya waiwayo, sannan ta yi dariya ta ce, "To, Ramatu, yanzu na san kin zo." Wannan ita ce Mis Odesa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke tara 'yan mata a gidanta duk Asabar.

Mu mutanen Maraɗi ne, an kawo ni garin Greensboro na jihar Karolina a Amurka ina ƙarama. Muna zaune a hawa na biyu na wasu gidajen haya kusa da titin Wendover, inda ƙarar motoci ba ta yankewa. Baba yana loda kwalaye a wani katafaren sito, Mama kuma tana kitso a falo. Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini. Wanda ya san al'adarmu ya san ƙofa biyu ke nan aka rufe, don uwa ba ta kiran sunan ɗan fari saboda kunya, ba ta kuma kiran sunan surukarta. Baba yana ce mini Uwata. A wurin Mama kuwa ni "ke" ce, ko "waccan", in rai ya ɓaci kuma "wannan yarinyar". Ƙannena da aka haifa a nan tana kiran sunayensu har da kirari, ta ɗora su a cinya tana wasa da kumatunsu. Rabona shi ne wanke-wanke, da tsefe kan masu kitso, da miƙa mata gashin doki tsinke-tsinke har bayana ya ƙage, da sauka da kwandon kaya ɗakin wanki, da yi mata tafinta duk inda Turanci ya tare ta.

A Maraɗi wannan ba abin kuka ba ne. Da a can muke, da tun yaye kakata ta ɗauke ni, ko wata gwaggo, don su ne masu shagwaɓa ɗan fari, su yi masa kirari, su ɓoye masa ƙanzo. Uwa tana ja da baya ne don ta san akwai masu matsowa. Mu kuwa kunyar muka ɗauko muka hau jirgi da ita, muka baro kakanni da gwaggonni a can. Ban san wannan lissafin ba a lokacin. Abin da na sani kawai shi ne iyayen 'yan ajinmu suna ƙwala musu kira a bakin makaranta, ni kuwa tawa uwar hannu take ɗaga mini.

Gidan Mis Odesa ya zama mini wata duniya. Akwai 'ya'yan baƙaƙen Amurka, da 'yan Meziko, da 'yan Kongo, da wata 'yar Sudan da ta fi ni shiru, abin da ban zata akwai ba. Da safe mukan kewaye teburin cin abinci mu yi aikin makaranta, tana zagayawa a bayanmu da kofin shayi mai ƙanƙara. Daga nan sai lambu: cire ciyawa, tsinkar tumatir, ban ruwa da doguwar roba wadda kullum sai an yi faɗa a kanta. Akwai wani faffaɗan ganye da take dafawa na awanni, wanda ta daina sa wa naman alade saboda mu Musulmi, ta koma ƙyafaffen talotalo, tana mita cewa mun lalata mata girkin kakarta. In sanyi ya fara shigowa mukan tsinci 'ya'yan itacen pikan a gindin bishiyarta mu fasa da dutse. 'Yan matan ne suka koya mini tsallen igiya biyu, na sha faɗuwa har gwiwoyina suka yi kanta, ni kuma na koya musu carafke na rama. Wani lokaci Mis Odesa ta kwashe mu a bas zuwa babbar tasha a tsakiyar gari, mu taka zuwa laburare, ko ta ratsa da mu harabar jami'a tana cewa, "Ku taka da ƙarfi, nan ma gidanku ne." Ita ce ta hana ni magana kaina a sunkuye. A gida in na ɗaga ido rashin kunya ne, a wurinta in na sunkuyar laifi ne, sai na koyi canja wuya a cikin bas.

Da ƙarshen shekarar karatu ya matso, Mis Odesa ta gaya mana al'adar gidan. Za a yi taro a bayan gida, kowace yarinya ta zauna a kujera a gindin bishiya, uwarta ta tsaya a bayanta ta dafa kafaɗunta, ta kira sunanta da ƙarfi, ta faɗi abu ɗaya mai kyau game da ita. Sauran yara suka hau tsalle. Ni kuwa can ƙasan zuciyata wani buri ya tsiro, na ce ai wannan doka ce ta Turawa, kuma Mama tana tsoron dokar ƙasar nan. Na same ta tana wanke shinkafa na gaya mata. Ba ta juyo ba ta ce, "Gaban mutane? Ke ba ki da kunya, ni ma an ce miki ba ni da ita? Wannan lakwal taku ta Asabar." Lakwal take ce wa makaranta, irin na mutanen Maraɗi. Can kuma ta tambaye ni mutum nawa za su ci abinci. Na ɗauki wannan tambayar a matsayin ta yarda.

Ranar taron tun asuba Mama take suyar fanke, ta yi dambun shinkafa da zogale ta cika kuloli. Ta sa shaddarta ta Sallah, ta ɗaura ɗankwali, muka hau bas da kaya niƙi-niƙi. A wurin taron ta nemi kujerar ƙarshe ta zauna. Wata uwa 'yar Meziko ta yi nata da yarensu tana kuka, wata kaka ta dogara sanda ta kira sunan jikarta har maƙwabta suka leƙo. Aka zo kaina. Na zauna a kujerar, na miƙe wuya yadda aka koya mini, ina jiran in ji hannu a kafaɗata. Shiru. Na waiwaya, na ga Mama ta ja gyale ta rufe baki, idonta a ƙasa. Mis Odesa ta yafito ta da hannu, ta ƙara yafitowa, Mama ba ta motsa ba. Wani ƙaramin yaro ya yi dariya aka kwaɓe shi. Daga ƙarshe Mis Odesa ce ta zo ta dafa ni, ta kira sunana, ta faɗi abubuwan da ban ji ko ɗaya ba, don kunnuwana sun toshe. Mutane suka cinye abincin Mama tas suna santi. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Bayan kwana kaɗan, da la'asar, sai ga Mis Odesa ta hawo benenmu da kulolin da muka bari, tana haki, fuskarta a murtuke. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba, ta ce in tambayi uwata me na yi mata. Na fara kame-kame ina bayanin al'ada, ta ce ba ni ta tambaya ba. Na fassara. Mama ta juyo gare ni ta ce, "Ke, fita." Na ce to wa zai yi tafinta? Ta ce, "Na ce fita." Na fita na zauna a matakala ta waje, ƙofa a rufe, na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani a gefena. Muryar Mama kawai nake jiyowa, tana hawa tana sauka, ba na tsintar kalma ko ɗaya. Hausa zalla take zubawa ga matar da ba ta san komai a Hausa ba sai sannu, kuma ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka ba. Da Mis Odesa ta fito idanunta sun yi ja. Ta shafa kaina ta sauka. Da na tambaye ta ranar Asabar, ta ce magana ce ta manya, in je in ɗauko robar ban ruwa.

Tsakanina da Mama ba abin da ya canja, ni dai "ke" ce. Amma daga ranar, duk Asabar sai ta ɗaure kwano a ɗankwali ta miƙo mini ta ce, "Kai wa kakarki." In an yi Babbar Sallah, cinyar rago ta farko Glenwood take tafiya. Ta sa aka ɗinko wa Mis Odesa shadda daga gida, ita kuma ta riƙa sa ta zuwa coci tana taƙama. Mis Odesa ce ta riƙa zuwa taron iyaye a makaranta, ita ta zauna da ni lokacin da na fara girma, ita ta tsaya a kaina har na nemi karatun jinya. Ranar da na gama sakandare ta miƙe tsaye a cikin jama'a tana ƙwala sunana, Mama tana gefenta da gyale a baki.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a ciwo ya kwantar da Mama, kuma bai ja lokaci ba. Ni na yi jinyarta. Ina juya ta, ina goge mata jiki, ina taje mata kai, kuma ba zan ɓoye ba, ina jira. Na ce ai yanzu ba mutane, ba suruka, daga ni sai ita. Maganar ƙarshe da ta yi mini ita ce, "Ke, ba ni ruwa." Aka binne ta a nan, cikin jar ƙasar Karolina, nesa da kowa nata.

Bayan an share makoki na je wurin Mis Odesa. Lokacin an sayar da gidan Glenwood, ɗalibai ne a ciki, ita kuma tana gidan kula da tsofaffi, a keken guragu, ta rame. Na durƙusa a gabanta na ce mata Mama ta tafi ba ta taɓa kiran sunana ba, kuka ya ƙwace mini. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce ranar da ta zo gidanmu, kafin ta fito, Mama ta ɗora yatsa a baki ta nuna ƙofa, ita kuma ta gyaɗa kai, shi ya sa ta yi shiru duk shekarun nan. Ta ce, "Ban fahimci komai ba a maganarta sai kalma ɗaya. Ita take ta maimaitawa tana dukan ƙirji. Ramatu, Ramatu. Kamar mai ƙishirwa ta samu ruwa." Na riƙe hannunta na roƙe ta ta faɗa mini yadda Mama ta faɗe shi. Ta gwada, ta sake gwadawa, amma da harshenta na Karolina yake fitowa.

Mis Odesa ma ta rasu. Yanzu ni ke tara 'yan mata ranar Asabar, a wani ɗaki da masallacinmu ya ara mana. Yaran yanzu ba sai an roƙe su su ɗaga murya ba, sai dai a roƙe su su ajiye waya. Muna yin taron ƙarshen shekara, amma kafin ranar nakan zaga gida-gida in tambayi kowace uwa wa take so ya tsaya a bayan ɗiyarta. In na ga wata ta sunkuyar da kai tana murmushi, na san 'yar fari ce, sai mu nemo wata Anti ko Hajiya ta tsaya, uwar kuma ta zauna a baya ba wanda zai yi mata kallon banza. Tawa 'yar farin kuwa ina kiran sunanta safe da yamma har ta ce, "Mama, na ji, ya isa." Wani lokaci in na kira ta sai in tsaya ina sauraron muryata, ko zan ji ta wata a ciki. Na san yanzu Mama ta kira sunana. Yadda yake fita a bakinta ne ban taɓa ji ba.