Jikana Na Neman Dangin Kalmomi a Turkiyya

"Kaka, bana ma ba ni zuwa hutu."

Haka jikana Isufu ya ce mani a waya daga Turkiyya, ina cikin tsintar wake. Wai yana binciken ko tsohon yaren Girka da yarukan Turkawa sun haɗa kaka, don wasu kalmominsu sun yi kama.

Na ce, "Maigida, Girkawan nan suna wasa da Turkawa kamar yadda mu Arawa muke tsokanar Barebari? Nan ake gane dangi."

Ya yi dariya. "Malaminmu ya ce wataƙila aron maƙwabtaka ne, ba jini ba."

Na ce, "To ni jininka ce, ba sai an bincika ba. Lokotoro a asibitin Dogon Dutsi ya ce idona na tafiya. Ina son ganin ƙaton kanka tun ina gani."

Sai na ji yana jan hanci. "Ina zuwa kafin a yanke hatsi, Kaka."

Har yanzu ban sani ba ko na kyauta. Ku masu 'ya'ya nesa, kuna gaya masu gaskiyar jikinku, ko "lafiya lau" kuke cewa?