Ƙara-Goga da Kujerar Babana

Bari in tona wa kaina asiri kafin uwar yarana ta riga ni. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina da akwatin kayan aiki, ja, mai hawa biyu, da guduma da zarto da filaya kowanne a gurbinsa. A tsawon shekarun nan aiki ɗaya na yi da shi: na taka shi na sauya ƙwan fitila. In baƙo zai zo, nakan ajiye shi inda ido zai kai. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san irin mutumin da ke shirin yabon kafinta.

Kafintan yana da sunan yanka, na tabbata, amma a layinmu kowa Ƙara-Goga yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Dalilin sunan kuwa, duk katakon da ka goge ka kai masa, ba ya ko dubawa. Sai ya shafa da bayan yatsu, ya miƙo maka, ya ce, "Ƙara goga."

Tun kafin masu shaguna su ɗaga ƙofa za ka ji tsintsiyarsa a rumfar kwano da ke ƙarshen layi. Ya share garin katakon jiya, ya jera kayan aiki a jikin allon da ya zana siffar kowanne da farin fenti, don in abu ya ɓace gurbinsa ya kai ƙara. Sannan ya zauna da kofin shayi yana jiran marasa lafiya. Haka yake kiransu: kujera mai ƙafa uku, kabad da ƙofarsa ta saki, gadon da ke kuka in an juya. Sabon kaya ya daina yi tun shekara ashirin da suka wuce. Ya ce tsohon katako ya riga ya gama duk karkacewar da zai yi, sabo kuwa bai ma yanke shawara ba tukuna.

Mai hali yakan kawo kaya, ya gyara, a biya shi. Wanda ba shi da hali kuwa, sai ya nuna masa benci ya ce, "Ga kayan aiki, ga bakina. Hannun naka ne. Ni hannuna ba ya shiga aikin wani." Kuma ba ya karɓar komai.

Malamar firamaren da ruwan sama ya rusa wa ɗaki bara waccan za ta ba ka labari. Ta samo tebur da kabad a wajen 'yan gwanjo, ta yi Asabar uku a rumfarsa da tsohon mayafi ɗaure a ƙugu. Yanzu ita ke gyara kujerun ajinta, iyayen yara na tsammanin hukuma ce ta tuna da su. Direban tasin da ke bayan gidanmu ya zo da gwangwanin shuɗin fenti zai shafe wani tsohon tebur. Ƙara-Goga ya ɗauki fasasshiyar kwalba ya kankare gefe ɗaya, sai ga katako ja wur, da zane kamar ruwa na gudu. Direban ya daɗe yana kallo, ya koma da fentinsa ya shafa wa ƙofar banɗaki.

Ni abin da ya kai ni wurinsa Baba ne.

Babana tsohon direban babbar mota ne, mutumin da a da yake ɗaga taya shi kaɗai. Bara ya yi jinya, ɓarin jikinsa na hagu ya yi rauni, muka dawo da shi gidanmu. Yana tafiya da sanda, amma in ya zauna a kujerun falona, waɗanda na saya don su burge surukai, sai su haɗiye shi. Sai mutum biyu sun kama shi yake tashi.

"Wannan kujerar taka rijiya ce," in ji shi. Muka yi dariya, shi bai yi ba.

Uwar yara ce ta fara lura. Ta tare ni a ƙofar kicin ta ce, "Baban yara, ka kula kofin Baba a cike yake dawowa?"

"Wataƙila ba ya jin ƙishi."

"A wannan zafin? Ruwan ya daina sha, don kada fitsari ya matsa masa ya kira a ɗaga shi. Musamman in ba ka nan, sai ni."

Likita ya riga ya ja mana kunne a kan ƙodarsa. Na je na tambayi kuɗin kujerar marasa lafiya a wani kanti, na yi godiya, na fito a hankali don kada in taɓa wani abu. Daga nan na zarce rumfar ƙarshen layi.

Ƙara-Goga ya zura abin awo a aljihu ya biyo ni gida. Ya durƙusa gaban Baba, ya auna daga diddige zuwa bayan gwiwa. Sannan ya miƙa tafin hannunsa.

"Yaya, danna nan da hannun da ya yi yajin aiki."

"Kai likita ne ko kafinta?"

"Likita ya gama nasa. Danna."

Baba ya danna. Kafinta ya gyaɗa kai ya ce, "Da sauransa. Wurin dafawa yake nema."

Washegari muka shiga kasuwar gwanjo. Ni idona ya faɗa kan wata mai walƙiya, har na fara taya ta.

"Akawu," haka yake kirana saboda laushin hannuna, "kai fuska kake saye. Juya ta."

Na juya. Garin katako ne aka matse aka lulluɓe da leda. Ya wuce can ƙurya, ya jawo wata tsohuwar kujerar ofis mai hannuwan katako, koren fenti ya ɓaɓɓake a jikinta, mazauninta a yage, soso na leƙowa. Ya ƙwanƙwasa ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya yana saurare, ya soka ƙusa a ƙarƙashi ya ga ko gara ta ci, ya sunsuna. Mai kayan da kansa ya ji kunyar faɗin kuɗinta. Da na shigo da ita layi a ka, wani maƙwabci ya tambaye ni ko itacen girki ya yi tsada ne.

Yamma tara na yi a rumfar nan bayan tashi daga ofis. Na yage tsohon yadi, na zare ƙusoshi sun fi ɗari, na shanya ta a rana kwana biyu saboda kuɗin cizo. Na kankare fenti har tafin hannuna ya yi ruwa. Shi kuwa yana zaune, hannuwansa a bayan ƙeya, yana aiki da baki.

"Bi hanyar katakon, Akawu, ba gardama kuke ba."

"Baba kafinta, ai ya yi sumul."

"Ƙara goga."

Muka ƙara wa kowace ƙafa tsawon yatsa uku, na buga ƙusa, na ɗaure mahaɗan da robar tayar keke har gam ya kama. Muka sa soso mai tauri wanda ba ya lotsawa. Uwar yara ta ba da wani tsohon labule mai kauri, ta zo da kanta ta ja shi ta ɗame, don ta ce ba ta yarda da ni a kan yadi ba.

A rana ta takwas ina cikin goge bakin hannun kujera na hagu, sai na ji ya ce, "Tsaya. Nan ya isa."

Na ɗaga kai. Mai shayin da ke gefe ma ya leƙo, don tun da yake bai taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba.

"Kada ka goge nan, kada ka shafa mai. Hannun da ba shi da ƙarfi ba santsi yake so ba. Bar masa abin kamawa."

Ranar da muka kai kujerar gida, Baba ya zagaya ta da sandarsa kamar mai duba motar da za a ba shi haya.

"Wa ya yi?"

"Ni ne, Baba."

"To ku tsaya kusa."

Ya zauna. Ƙara-Goga ya ce kowa ya mai da hannunsa baya, har da ni. Baba ya dafa, ya yunƙura, ya koma. Ya sake, ya koma. Na matsa zan kama shi, sai na ji an riƙe mini riga ta baya.

"Yaya, jawo ƙafar ƙarƙashinka. Hancinka ya wuce gwiwa. Yanzu danna."

Ya tashi. Ya tsaya cak, shi kaɗai, yana huci. Ya koma ya zauna, ya sake tashi, don ya tabbatar ba kuskure aka yi ba. Sannan ya dubi uwar yara ya ce, "'Yar nan, kawo mini ruwa. A babban kofi."

Kai ne, Ƙara-Goga, ka auna ƙafar tsoho kafin ka auna katako. Kai ne ka ga kujera a inda duk kasuwa ta ga itace. Kai ne ka zauna yamma tara kana kallon akawu yana wulaƙanta samfefar goge katako, ba ka ƙwace ba, ba ka yi tsaki ba sai sau biyu, kuma duka biyun na cancanta. Gwanin tsohon katako, mai sa malalaci zufa.

Ƙarshen watan nan zai rufe rumfa. Idanunsa sun yi hazo, ya ce yanzu da yatsu yake gani, kuma 'yarsa ta matsa sai ya koma wurinta ya huta. Bai sayar da kayan aikinsa ba. Ya raba su ga waɗanda suka taɓa zama a bencinsa, da sharaɗin duk wanda ya zo aro a ba shi, a kuma tsaya a kansa. Malamar firamare ta sami zarto. Direban tasi ya sami guduma biyu. Ni tsintsiya aka ba ni, kuma da aka miƙo mini ita babu wanda ya nuna mamaki.

Mun gode, Baba kafinta. Allah ya ƙara wa idanun haske, ya sa hutun ya karɓe ka. Babana yana gaishe ka, ya ce a faɗa maka jiya sau bakwai ya tashi, biyu daga ciki ba don komai ba.

Ku kuma masu karatu, kafin ku jefar da kujerar nan da ke bayan ɗaki, ku juya ta ku duba ƙarƙashinta. In kun iya wani abu da hannunku, ku ajiye benci a gefe saboda wanda bai iya ba, ku haƙura da shi yamma tara. Rumfar za ta rufe, amma kayan aikin suna gidaje goma sha biyu a layinmu, kuma Asabar ɗin da ta wuce na ji ƙarar zarto daga gidan malamar, da muryarta tana ce wa wata maƙwabciya ta ƙara goga.

Ni ma na ɗauki shawarar tawa. Shekaranjiya wani abokin aikina ya zo, na kifa kujerar Baba don in nuna masa yadda na haɗa ƙarin ƙafafun. Da gam da ƙusa huɗu na haɗa su, na tuna sarai, don ɗaya ta bi ta babban yatsana. Babu ƙusa ko ɗaya a wurin. Turakun katako ne guda takwas, an fere su an dasa, an goge sumul, irin gugar da mutum ɗaya ne kawai a layinmu ya iya.