Rigar da Na Ara wa Buba

Ranar Alhamis ce. Na idar da sallar asuba na zauna a ƙofar gida da rediyona. Hajara matata tana dama koko a ciki, Iya mahaifiyata tana faɗa da kaji kamar kullum. Daga fadama ana jiyo injin ban-ruwa yana ta bugawa. Ƙarfe bakwai Buba ya biyo ta layinmu da 'yan shanunsa tara, sanda a kafaɗa.

"Babarbare bawana, an tashi lafiya? Ina kwanan takardu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe Ardo, ardon da ko wando biyu bai ajiye ba."

Ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Iya ta miƙo masa koko a kwanon sha, ya shanye a tsaye ya wuce. Shi Bafulatani ne, ni jinin Barebari, wasan nan gadonsa muka yi, kuma mun fi shekara ashirin muna yi wa juna tsiya. Rugarsa tana bayan garinmu, nan aka haife shi, bai taɓa nisa da kiwo ba. Kuma shi ba ardo ba ne. Ni na maƙala masa sunan, dole in faɗi yadda aka yi kafin in kai ku ga abin da ya faru da hantsi.

Garinmu yana bakin kogin Haɗejiya, tsakanin Kirikasamma da Guri. Ba zan faɗi sunansa ba. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban gari, don na koyar a firamare, kuma bakina ba ya gajiya. Kacalla, doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa, ta cinye mana gonaki, ta hana masunta wucewa. Mun yi shekaru muna kai kuka. Sai aka zo da shirin haɗin gwiwa: masu ba da tallafi daga ƙasar waje za su kawo injin yankan ciyawa, gwamnati ta kawo ma'aikata da taswira, mu ƙungiyoyin gari mu kawo mutane da yardarsu. Sharaɗin baƙin ɗaya ne. Sai manoma da masunta da makiyaya sun zauna tare, sun sa hannu a kan yadda za a raba fadamar da za ta fito.

Suka sa ranar zama da damina, don lokacin ne baƙin ke da halin zuwa. To kowa a yankinmu ya san da damina makiyayan da ke shayarwa a mashayarmu suna can nesa, sai rani ya yi nisa suke gangarowa. Na faɗa wa jami'in gwamnati. Ya ce, "Malam Idi, kujera uku ce a takarda. In ɗaya ta zauna babu kowa, injin nan wani gari zai tafi. Ka san yadda za ka yi."

Na kuwa san yadda zan yi, ni da wayona. Na ɗauki babbar rigata shuɗiya ta Sallah na nufi rugar Buba, na ce yau zan naɗa bawana sarauta. Ya ɗauka wasa ne, mu dama komai namu wasa ne. Aka zaunar da shi a kujerar gaba ƙarƙashin rumfa, aka buɗe masa taswirar da ba ya iya karantawa, ya dangwala yatsa. Aka tafa. Aka ɗauki hoto, aka buga shi a babban allo a bakin titi: ni, jami'in, Baturiyar da ta zo, da Buba cikin rigata yana washe baki. Tun daga ranar gari ya kama kiransa Ardo.

A taswirar nan mashaya ta koma gonar shinkafa. Na gani da idona tun kafin a sa hannu. An matsar da ita can yamma, inda laka ke haɗiye saniya har ciki. Buba bai gane ba sai ranar da aka kafa turakun siminti. Ya same ni ba dariya ya ce, "Sakatare, wannan fa ba wasa ba ne. Masu ruwan nan za su dawo." Na ce takarda ce, ana gyara ta. Ban gyara ba, ban rubuta wa kowa ba. Ruwa yana gudu, shinkafa ta yi kore shar, ana sa mini albarka a ƙofar masallaci, ni kuma kaina ya kumbura.

Ranar Litinin ta makon da nake ba ku labari makiyayan suka dawo. Garke ya biyo tsohon burtalinsa ya faɗa cikin shinkafa. Samarinmu suka sassare ƙafafun shanu, suka yi wa wani makiyayi dukan da sai ɗaukarsa aka yi ranga-ranga. Talata na buga waya uku. Jami'in ya ce yana wurin taro. Ofishin masu tallafi suka ce takarda ta nuna makiyaya sun amince, a tuntuɓi wakilinsu. Babbar ƙungiyar da ke sama da mu a Haɗejiya ta ce in rubuto rahoto. Laraba na zauna rubutawa, na kasa wuce layi na biyu, don a layi na uku sai na faɗi ko wane ne Buba.

Alhamis ɗin kasuwar maƙwabta ke ci. Kafin ƙarfe takwas da rabi maza sun watse, har da Bulama, mai garinmu. Aka bar mata da tsofaffi da irinmu masu zaman ƙofar gida.

Ƙarfe goma da kwata na ji ƙara ta farko daga gabas, kamar tayar babur ta fashe. Sai ta biyu. Sai ta uku. Injin ban-ruwa ya yi shiru. Shirun nan ne ya tayar da ni tsaye, ba harbin ba. Karnuka suka kama haushi. Hayaƙi ya taso daga unguwar masunta, baƙi ƙirin, sai ihun mata ya biyo shi.

"Ku fita! Ku yi kogi!"

Hajara ta goya 'yarmu Falmata, ta fito ba takalmi. Iya ƙafafunta sun daɗe da mutuwa rabi. Na cicciɓe ta, muka faɗi tare a tsakar gida. Na sake, na kasa. Sai ga Buba ya faɗo gidan a guje, ba sanda ba shanu. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, hau!"

Muka fita ta baya. Dannin gidan maƙwabcina yana ci da wuta. A lungun rijiya na ga Malam Garba masunci kwance rub da ciki, kibiya a bayansa, hularsa a gefe. Na tsallake shi. Ban tsaya na duba ko da sauran numfashi ba.

A bakin gari muka yi kiciɓis da mutum uku, fuskokinsu a naɗe. Ban san ko ɗaya ba. Na gaba ya ɗaga adda. Buba ya tsaya da Iya a bayansa, ya daka musu tsawa da Fulatanci. Suka dubi juna. Ɗaya ya tofar da yawu, ya nuna mana hanya da haɓa. Muka wuce. Har yau ban san abin da ya faɗa musu ba.

Goma da rabi muna bakin ruwa. Inda injin yankan ciyawa ya share fili ne fetal, ko kaza ba za ta ɓuya ba. Kwalekwale duk an tafi da su. Buba ya ja mu kudu, inda aikin bai kai ba, inda kacalla ta fi mutum tsawo. Mun kai mu ashirin, yawanci mata.

"Ku sunkuya! Kar wanda ya yi tari!"

Ruwa ya kawo mini ƙirji. Ganyen ciyawar yana yanka hannu. Matsattsaku suka manne mana a cinya, ba halin cirewa. Buba ya tsaya da Iya a kafaɗa, bai sauke ta ba ko sau ɗaya. Muna jin kwanon rufi yana fashewa a cikin wuta, rumbuna suna rugujewa, wata akuya da aka bari a ɗaure tana ta kuka. Sha biyu saura akuyar ta daina. Falmata ta motsa za ta yi kuka, Hajara ta danna mata nono a baki. Azahar ta yi, ba a kira salla ba. Tunda aka haife ni ban taɓa jin garinmu ya tsallake kiran salla ba sai ranar.

Biyu da rabi komai ya lafa. Buba ya san inda shanu ke ƙetarewa, ya sa mu a layi, kowa ya riƙe na gabansa. Ƙarfe uku muka hau tudu a ɗaya gaɓar. Muka taka har bakin titi, daidai inda allon nan yake. Ya sauke Iya a gindin dalbejiya, ya miƙe bayansa da ƙyar. Ya ce zai koma ya nemo matarsa Dije da shanunsa.

Huɗu saura kwata muka ji babura. 'Yan kasuwa ne labari ya iske su. Namu ne, da na garuruwan da ke kewaye, sun fi namu yawa. Adduna, gora, bindigar toka biyu. Suka tsaya suna tambayar wa ya fita, wa ya rage. Wani yana kiran sunan matarsa, ba amsa. Sai wani dogo da ban sani ba ya dubi allo, ya dubi Buba, ya sake duban allo.

"Ga ardonsu nan! Shi ya sa hannu, shi ya ci amana!"

Suka yi masa zobe. Buba ya ɗaga hannu biyu sama, ya waiwayo ya neme ni.

"Sakatare, gaya musu!"

Tsakanina da shi bai kai taku goma ba. Magana ɗaya ce za ta fitar da shi: ba ardo ba ne, ni na sa masa riga. Amma in na faɗa, duk wanda gidansa ke ci da wuta zai san ƙaryar wa ta jawo masa. Na dubi addunan nan. Ba zan ce murya ce ta ƙi fita ba, wallahi tana nan, ni na riƙe ta. Tsoro ne, ba wani abu ba. 'Yan garinmu da suka san shi tun yana yaro suka sunkuyar da kai, suna jirana, ni mai biro, in yi magana. Iya ce kaɗai ta yi ihu daga gindin bishiya, tana cewa ɗanta ne, shi ya goyo ta. Wa zai ji tsohuwa?

"Sakatare!"

Sau biyu ya kira ni. Ba a yi minti biyar ba aka gama. Babura suka tashi suka nufi gari, suka bar shi a ƙarƙashin hotonsa.

Ni na ɗauki Iya daga nan. Ashe zan iya. Muka bi gefen titi har wata makarantar firamare kusa da Kirikasamma, muka isa rana tana gab da faɗuwa. Sai da na sauke Iya a kan tabarmar aji ta dube ni ta ce, "Idi, ya kira ka." Ba ta ƙara ba, kuma ba ta sake tayar da maganar ba har yau.

Mako uku muka yi a makarantar. A mako na biyu abokan haɗin gwiwa suka zo, su duka ukun, a jerin fararen motoci. Suka raba tabarmi da bokitai da gidan sauro. Baturiyar ta yi hawaye, kuma na san har zuciyarta ne, ita iyakar abin da ta sani shi ne abin da muka nuna mata. Aka ce sakatare ya rubuto sunayen waɗanda aka rasa. Na rubuta Malam Garba. Na rubuta Ya Kaltume da hayaƙi ya kashe a ɗaki. Na rubuta Sani da Haruna, wa da ƙane, da aka iske a gindin injin ban-ruwa. Makiyayin da samarinmu suka daka ranar Litinin ma ya rasu, ba wanda ya san sunansa a cikinmu. Jami'in ya karɓi takardar ya ƙara layi ɗaya da hannunsa: ardon makiyaya. Sannan ya ce za a yi zaman sulhu, kujera uku, in nemo wanda zai zauna a ta ukun. Na ajiye masa biron a kan tebur na fita. Ko a ranar ban faɗi dalili ba, sai yanzu da nake rubuta wannan.

Dije ta tsira, ta koma wurin danginta a wajen Kafin Hausa. Bayan ta fita takaba ta zo garinmu, lokacin mun fara ɗora sabon rufi. Ta yi sallama ta durƙusa ta gaida Iya, ta sauke ƙwarya a gabana. Na ɗauka nono ne. Na ɗaga faifan, sai ga rigata shuɗiya, a wanke, a ninke.

"Malam, ya ce aro ce. Kullum yana cewa bayan Sallah zai mayar maka. Da za mu gudu ita na fara ɗauka, don kayan mutane ce."

Na ɗauke rigar daga cikin ƙwaryar. Ta ce shanunsa biyu aka gano cikin tara. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

Rigar tana ƙasan akwatina, Sallah biyu ta wuce ban ɗaga ta ba. Allon yana nan a bakin titi, rana ta cinye fentin, amma ana gane mu. Har yanzu in ƙarfe bakwai ta yi Iya takan zuba koko a kwanon sha, ta riƙe shi ɗan lokaci tana kallon ƙofa, sannan ta mayar da shi cikin tukunya.