Hannun da bai tsaya ba

Har yau idan na ga hoto yana motsi a waya ya ƙi tsayawa, sai raina ya ɓaci, gonar kawuna ta faɗo mini a rai.

Lokacin ina zaune a Kankia, na ɗan koyi haɗa shafin intanet, kaina ya kumbura. Ƙungiyar manoman yankinmu ta ce in yi mata shafin da zai nuna yadda ake sa wa masara takin zamani: cikin murfin kwalbar lemo ɗaya a gefen kowane gindi. Shugaban ƙungiyar ya dage sai ganye ya yi lilo, rana ta juya, sunan ƙungiya ya yi walƙiya. Na yi masa. Da aka gwada a Kusada, shafin ya ƙi buɗewa, sai 'yar da'irar nan ke ta zagaye. Aikin sati biyu ya tashi a banza.

Don haushi na share komai. Na bar hannu ɗaya, murfi ɗaya, masara ɗaya. Hannun ya karkata murfin, taki ya zuba, shi ke nan. Wannan kam har a ƙauye yana buɗewa. Sai na sa shi ya riƙa maimaita kansa, don na ga haka ake yi. A ƙasa na rubuta "murfi ɗaya tak", ban tambayi kaina wa zai karanta ba.

Kawu, ƙanin mahaifiyata, a ƙauyen Ƙofa, kusa da Kusada, yake noma. Ajami yana karanta shi kamar ruwa, boko kuwa ko sunansa ba ya ganewa. Masarar bayan gidansa ita ke riƙe iyalinsa kafin gero ya nuna.

Bayan kwana goma da sakin shafin ya aiko in zo. Na hau acaɓa daga Kusada ina murna, a zatona yabo zan sha. Na tarar da rabin gonar ta ƙone, ganye ya nannaɗe ya yi ja, alhali ƙasa a jiƙe take.

"Kawu, murfi nawa kuka zuba?"

"Huɗu."

"Huɗu! Ai ɗaya aka ce!"

"Wa ya ce? Ni dai hannu na gani. Ya zuba, ya ƙara, ya ƙara, ya ƙara, sannan wayar ta yi duhu. Na ce to, nan ne iyaka. Mi na yi ba daidai ba?"

Na buɗe baki zan yi faɗa, na rasa wanda zan yi wa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hoton ya yi aikinsa sarai. Kallo ɗaya Kawu ya yi masa ya zauna masa a kai, ya bi shi sau da ƙafa. Ni ne ban koya wa hannun tsayawa ba.

Na koma na gyara. Yanzu hannun ya zuba sau ɗaya, ya kife murfin, ya janye. Na kai wa Kawu ranar da yake shuka wake a inda masarar ta mutu, don lokacinta ya riga ya wuce. Ya riƙe wayar ya daɗe yana jira ko hannun zai dawo.

"Ya tsaya ke nan?"

"Ya tsaya, Kawu."

Ya miƙo mini wayar, ya ɗauki ƙwaryar irinsa.

"To, ya yi hankali. Sai dai damina ba ta maimaitawa kamar hannun naka, ɗana."